Motocin da Ba Sa Neman Kayan Gyara

Sifana ne ya makantar da 'yarsa, shi ya kashe ƙaninsa, shi ya haukata matarsa. Masu cewa tsautsayi ne ba su san komai ba. Shagona na walda yana jikin garejinsa shekara goma sha tara, kuma abin da ban gani da idona ba, da bakinsa ya gaya mini bayan komai ya lalace.

Makanike ne na tsofaffin motoci, irin waɗanda aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi, masu dogon hanci da kujerun fata. Attajirai masu sha'awar tara su ne ke kawo masa. Ya iya aiki, wannan babu musu. Abin da babu shi ne kayan gyara. Mota sai ta yi wata takwas a kan duwatsu saboda wani ƙarfe da bai kai babban yatsa ba. Ya zaga kasuwa, ya tona tarin 'yan gwangwan, a aiko masa daga nesa, ya ɗaura ya ƙi shiga. Mai mota ya zo ya zage shi tas gaban mutane. In kuma ta tashi, mai ita ya ja abarsa ya tafi, ya bar Sifana da baƙin mai har gwiwar hannu.

"Ni ke tayar da su, wasu ke hawa," ya ce wata rana, ya yi jifa da tsumma.

Ƙaninsa mai wayarin mota, wanda suke gida ɗaya, ya yi dariya. "Haba Yaya, ai kai ma kana hawa. Ta ƙasa dai."

Sifana bai yi dariya ba.

Da tsakar rana ya je wurin wani boka, can bayan filin da ake zubar da matattun motoci. Mutumin yana zaune cikin gangar jikin wata bas da ta ƙone. An toshe tagoginta da jan ƙyalle. Maduban mota sun fi ɗari a rataye, dukkansu a fashe. A tsakiya ga kan injin an kifa, an shafe shi da jini har ya yi ɓawo, ƙudaje sun rufe shi. Wurin yana warin ƙonannen mai da ruɓaɓɓen nama.

"Kuɗi kake so ko motoci?" in ji boka.

"Duka biyu."

"To, daga yau ba za ka ƙara neman kayan gyara ba. Ka sayi gawar mota, ka rufe ta da tamfol kwana uku. Duk abin da ta rasa za ta samo da kanta."

"Daga ina?"

"Sau nawa ka sayi kaya a kasuwa ka tambayi daga motar wa aka ciro?"

Sifana ya ce, "Me zan ba ka?"

"Ni ba na karɓa. Ka kawo ruwan da mutanen gidanka suka wanke hannu a ciki bayan cin abinci. Duk motar da za ka rufe, ka ɗiga mata a lagireto."

"Ba dai jinin mutum ba?"

"Na ce maka jini? Ruwa na ce."

A nan ya kamata ya tashi ya fita. Ba yaro ba ne. Ya san ba a ba da irin wannan kyauta. Amma ya kawo ruwan, boka ya yanka baƙin bunsuru a kan injin, ya tsoma sifanar da Sifana ke aiki da ita cikin jinin, ya miƙa masa da hannun hagu.

Motar farko jar ce mai buɗaɗɗen kai, tsatsa ta cinye ta, fitilar hagu babu. Da ya yaye tamfol a rana ta uku, ni kaina sai da na ja da baya. Tana ƙyalli kamar yau aka ƙera ta. Wannan ya riƙe wa kansa. Sauran da ya rufe daga baya ya dinga sayarwa, attajirai suna layi. Ya gina gida mai rumfar mota bakwai. Da yamma yakan sa tabarau ya zaga gari a hankali, hannu ɗaya a waje, mutane suna nuna shi.

A makon da jar motar ta samu fitila, 'yarsa ta fari ta tashi idonta na hagu ba ya gani. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Sifana ya gane. Ya gaya mini da bakinsa cewa ya gane, kuma washegari ya rufe wata motar.

Mota ta tara da ya rufe, famfon mai ne ya mutu a cikinta. Ƙaninsa yana tsugune yana haɗa waya ya dafe ƙirji ya faɗi. Kafin mu ɗauko mota ya cika. Bayan wata biyu aka kawo wata mai karyayyen sitiyari. Matarsa ta fara zagaya tsakar gida tun safe, ta yi dama ta yi hagu, tana cewa, "Baban yara, riƙe ni, ba ni ke juya kaina ba."

Sai a lokacin ya koma.

"A warware," ya ce wa boka. "Na daina."

"Ka daina rufewa. Waɗanda ka sayar fa? Ana hawansu a titi. Duk ranar da wani abu ya lalace a jikinsu, za su aiko gidanka."

"In matata da 'ya'yana sun ƙare?"

"Kai ba ka wanke hannu a ruwan ba?"

Ya bi attajiran ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su mayar masa. Ya durƙusa wa wanda ya taɓa zaginsa.

"Ranka ya daɗe, ka karɓi gidana ka ba ni ita."

"Kai Sifana, ka sha wani abu ne? Motar da ba ta lalacewa zan mayar? Jiya ɗana ya buga ta da katanga, da safe ko ƙwarzane babu."

A jiyan da attajirin ke faɗa ne autan Sifana ya faɗi a makaranta ƙashin cinyarsa ya karye, ba wanda ya taɓa shi. Wasu motocin ma an riga an sayar da su gaba, ba a san inda suke ba. Babu ko ɗaya da ya dawo da ita.

Ku masu ganin abin wani ranku ya ɓaci, ku ji da kyau. Wanda ya ce zai ba ku abu ba tare da wahala ba, ya riga ya ga abin da zai ɗauka a gidanku, kuma ba ku za ku zaɓa ba. Sifana yana da sana'a, yana da lafiya, yana da iyali. Kwaɗayi ya ce masa bai isa ba.

Autan ya rasu tuntuni, 'yar ta makance gaba ɗaya, matar tana asibitin masu taɓin hankali. Yanzu kan Sifana abin ya juyo. Ƙafafunsa sun shanye, kunne ɗaya ya toshe, haƙoransa suna zuba. Shekara uku yana kwance a rumfar motocinsa, kuma bai mutu ba.