Gwiwar Guntu

Ranar da sabuwar mai jinyar 'yan wasa ta fara aiki a ƙungiyar, Guntu ne na ƙarshe a layin masu jiran a ɗaure musu bandeji. Waɗanda suka riga shi duk dogaye ne, sai ta taka wata 'yar kujerar katako kafin hannunta ya kai kafaɗunsu. Da ya shigo ta dube shi, ta sa ƙafa ta ture kujerar gefe.

"Alhamdulillahi, ga wanda zan yi wa aiki ina tsaye a ƙasa."

Da wani ne ya faɗa, da an ji kansu. Guntu ya sha ba'a har ta ishe shi. Ƙwallon kwando ce sana'arsa, amma kansa a ƙirjin abokan wasansa yake tsayawa. Duk filin da suka je baƙunta sai mai gadi ya tare shi ya ce 'yan kallo ta can suke shiga. Amma da ita ta faɗa, sai ya ji yana dariya, ya miƙa mata hannun da ba ya ciwo.

Tun daga ranar ciwo ya daina ƙarewa a jikinsa. Yau yatsa, gobe idon sawu. Ta gane, ta ƙyale shi. Yana kiranta Likitata, ita kuma don tsokana take ce masa Dogona.

Tana zama gefen benci ta ga yadda yake neman abincinsa. Ba ya iya tsalle ya kai kwando, don haka a ƙasa yake aiki: ya sunkuya, ya ratsa ta ƙarƙashin hammatar ƙattai, ya sace ƙwallo tun mai ita bai ankara ba. Duk wannan murɗe-murɗen a kan gwiwoyinsa yake ƙarewa, ita ce kuma take ɗora musu ƙanƙara bayan wasa.

Da ya je gaida mahaifinta, dattijon ya dube shi sama da ƙasa, kallon da bai ɗau lokaci ba.

"Yaro, ba na raina halittar Allah. Amma sana'ar nan ta dogaye ce, kai aron wuri aka ba ka. Ran da aka karɓe, me za ka ciyar min da 'ya?"

"Baba, na daɗe a ciki."

"To mu gani. In an sabunta kwantiraginka a ƙarshen kakar nan, turo manyanka. In ba a sabunta ba, kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan. Akwai mai jira."

Guntu ya san mai jiran. Abokin wasansa ne, wanda suke kira Falwaya saboda tsayinsa, ƙungiyoyi har rububinsa suke yi. Mamarta kuwa Falwaya take so, don ta ce ba ta son jikokin da za a riƙa nema a cikin taro.

Sai ga sabon koci, ya ce shi ba ya tara gajeru. Ya faɗa wa Guntu gaba da gaba cewa wasan ƙarshe na kaka shi ne gwajinsa. In ya burge, ya zauna. In bai burge ba, ya kwashe takalmansa.

Ana saura kwanaki kaɗan wasan, a wurin atisaye, ya juya da ƙwallo sai gwiwarsa ta dama ta yi ƙas. Ya miƙe da sauri yana murmushi don kada koci ya gani. Ita ta gani.

A ɗakin jinya ta kwantar da shi, ta riƙe ƙaurinsa ta ja gaba. Ƙafar ta biyo hannunta fiye da yadda ya kamata. Ta sake ja, sai idonta ya kawo ruwa.

"Jijiyar ta tsage, Dogona. Ba za ka buga ba."

"Ɗaure min ita. Wasa ɗaya ne."

"In ta ƙarasa tsinkewa a fili, ko tafiya sai da ɗingishi har ka tsufa."

"In yi ɗingishin, ina tare da ke. Don Allah, Likitata. Ki yi shiru kawai. Ba ki gani ba, ba ki ji ba."

Ya riƙe gefen rigarta kamar yaro. Tausayinsa ya kusa kashe ta, amma ta zare rigar, ta tafi ofishin koci ta faɗa masa gaskiya.

Kafin yamma labari ya zagaye ƙungiya. Falwaya ya sunkuyo ya dafa kansa, abin da ya fi tsana a duniya, ya ce, "Sannu, ƙane. Likita ta yi aikinta." Shi ke nan zuciya ta ɗebi Guntu, ya rubuta mata:

"Da kin ce min shi kike so, da na janye da kaina. Ba sai kin kashe min sana'a ba."

Amsarta ta zo nan take:

"Na san abin da na jawo mana. Na san Baba ba ya sauya magana. Tun ɗazu kuka nake yi. Amma ko za a aura min wani gobe, ba zan sa hannuna in gurgunta ka ba. Ka tsane ni kana tafiya da ƙafafunka."

Ya karanta, ya kifa wayar. Abinci ma ya gagare shi.

Ranar wasa koci ya kira shi ɗakin sa kaya. Ga wani mutum zaune da jaka, allurar kashe zafi a hannunsa.

"Mai raba mana ƙwallo ya kwanta zazzaɓi, ina bukatarka," in ji koci. "Ka ce min lafiyarka ƙalau, a yi maka wannan ka shiga. Ita kuma yarinyar, tunda ba ta san bambancin targaɗe da tsagewa ba, yau za ta bar mana aiki."

Guntu ya zauna, ya naɗe ƙafar wando. Ga kwantiragi, ga aure, duk a bakin allura ɗaya. Yana jin ihun 'yan kallo ta bango, har da masu kiran sunansa. Mutumin ya goga masa auduga mai sanyi a gwiwa. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba ya hango ta tana jera bandeji a kan tebur, idanunta a kumbure, ba ta san ana cinikin aikinta ba.

Ya sauke wandon.

"Koci, ta san aikinta. Jijiyar ta tsage."

A benci ya kalli wasan, cikin kayan gida. Washegari aka sallame shi.

Bai aika kowa ba. Da sandar asibiti ya je gidansu, ya tarar da mahaifinta a falo, ya yi ta fama kafin ya iya durƙusawa da ƙafa ɗaya.

"Baba, ba a sabunta ba. Na zo in faɗa da bakina, in kuma nemi gafararta, don na gaya mata maganar da ba ta dace ba. Daga nan ba za ka ƙara ganina ba."

"An ce har allura aka kawo maka."

"An kawo."

"Me ya hana ka?"

"Ita ta ce kada in buga. Kuma da na buga, ita za a kora a ce ƙarya ta yi."

Daga bayan labule ana jin sheshsheƙarta, mamarta na cewa ta yi haƙuri.

"Ni da na haife ta," dattijon ya ce a hankali, "ban taɓa jin maganarta a inda zan yi asara ba. Tashi ka zauna a kujera, kada ka ƙarasa ƙafar. Ka turo manyanka."

Guntu ya kasa tashi. Ya kifa fuskarsa a tafin hannu ya yi kuka, bai ji kunyar kowa ba.

Aka yi masa aiki a gwiwa, ya yi watanni yana koyon tafiya tana ƙirga masa taku. Bai koma babbar ƙungiya ba. Wata ƙarama ce ta ɗauke shi, inda 'yan kallo ba sa cika benci biyu, amma da ƙafafunsa yake ratsa ƙattai.

Ranar ɗaurin aure mamarta ta share hawaye ta ce jikokin ko a taro suka ɓace za ta nemo su. Mahaifinta ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Na ba ka ita ba ka da komai, kuma hankalina a kwance yake. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare kuna jin maganar juna."

Kowa ya ce amin. Ta matse hannunsa, ya matse nata.