Kunnen Bakanike

Ƙaton injin dizal ne, ya daɗe a yashe bayan wata masana'antar ƙanƙara. Masu kawo wa Bakanike shi gyara, Allah ya shirye su, suka dire shi a tsakar gida dab da ƙofa, sai mutum ya matse ciki kafin ya wuce.

Shi kuwa Bakanike da kunne yake ci da iyalinsa. Yakan kafa doguwar sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunne a mariƙinta, ya ce nozul ne, ko boris, ko fistan.

Magariba ta kawo jiki, matarsa ta ce, "Maigida, ka bari sai gobe mana."

Ina! Ya tayar da injin, ya saurara. Nozul lafiya, boris lafiya, amma ga wata ƙwanƙwasa tana tashi daga cikinsa. Ya kashe shi, ba ta tsaya ba. Can ƙarƙashinta ya ji numfashi da tarin jariri. Maimakon ya janye, sai ya ƙara danna kunne.

Nan take notuna suka fara zuba a kan kwanon rufin ɗaki. Auta, 'yarsu tilo mace, ta sandare a tabarma, haƙoranta na bugawa daidai da ƙwanƙwasar injin. Bakanike ya sungume ta ya nufi waje, ya tarar injin ya matsa ya toshe ƙofar ruf. Ya ƙwala wa maƙwabta kira.

Da tsani maƙwabta suka tsallako da malami ta katanga. Ya yi ta karatu har muryar tsoho ta fito daga bakin yarinyar.

"Injin nan gidanmu ne. Ya girgiza mu, muka ƙwanƙwasa masa. Sai ya kasa kunne yana sauraron iyalina."

Malamin ya ce, "Bai sani ba. Fita!"

"Ya ji, ya ƙara matsowa. Ko kunnen, ko 'yar."

Malamin ya ɗaga hannu. "Ba a ciniki da su, kada ka..."

Bakanike ya dubi Auta, kumfa na bin bakinta. Ya ce, "Ɗauki kunnen."

Ta yi atishawa, jikinta ya saki. Gidan ya yi tsit, har ya fara hamdala. Sai ya ga matarsa tana rusa kuka, baki buɗe, ya ga malamin yana yi masa magana. Auta ta kama rigarsa tana motsa leɓe. Ya durƙusa, ya kai kunnensa har bakinta, ya ji ɗumin numfashinta kawai.