Silon Motar Hammajoda

Jirgin ƙasan Yawunde ya yi kukansa na tashi, mutanen Ngaundare na ta alwalar magariba, amma Hammajoda yana tsugune gaban motarsa a ƙofar gida, ƙarƙashin mangwaro. Bakanike ne, kuma Allah bai yi shi da haƙurin jira ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Motar tsohuwa ce, da ita yake ɗaukar fasinja in gareji ya yi shiru. A kwanakin nan ta tsiro da wani hali: in aka tashe ta da sanyi sai silonta, wato juyin inji tana tsaye, ya hau, inji ya yi ta gurnani kamar an taka totur, ba ya sauka sai ta ɗauki zafi. Kowane inji yakan ɗan yi haka da safe, ya sani. Nata ne ya wuce misali.

To irin wannan ciwo ba a jin sa sai inji ya huce, ga shi yanzu ya dawo daga hanya, ƙarfe na tururi. Maimakon ya bari sai gobe, sai ya kwance lagireto ta ƙasa don ya ɗura mata ruwan sanyi. Matarsa Dudu ta leƙo daga zaure ta ce ya bari a yi salla, ba a zubar da ruwan zafi a wannan lokaci. Ya ce ta je ta ji da tukunyarta. Tafasasshen ruwa ya kwarara gindin mangwaron, ko bismilla babu.

Ƙarar da ya ji, ya ce wa ransa kyanwa ce.

Suna cin tuwon rogo duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ya zagaya da tocila, babu kowa. 'Yarsu Ummul, ita kaɗai Allah ya bar musu, ta tsinci ɗaya ta yar da shi da sauri, ta ce sanyi gare shi kamar ƙanƙara.

Da asuba ya murɗa makulli. Wannan karon ihu injin ya yi, har maƙwabta suka fito. Ya duba wayar totur ko ta maƙale, lafiya lau. Ya bi tiyoyin iska yana fesa musu fetur ko zai ji inda suke shaƙa, ya sami guda da ya tsage, ya sake shi, ya kwana da murna. Washegari ta fi jiya. Ya wanke kafireta, ya gyara cok, ya sake na'urar da ke jin zafin ruwa. Abin da ya sani kaf ya ƙare. Ran nan don haushi ya cire wayar totur ɗin baki ɗaya ya riƙe ta a hannu, ya sa Dudu ta tayar. Yana kallo, da idonsa, hannun kafireta ya lanƙwashe shi kaɗai kamar an danna shi da yatsa. Daga can ƙarƙashin injin kuma wani siririn kuka yake fitowa, irin na jaririn da ya gaji da kuka.

Ya cire batir, ya lulluɓe motar da tampol, ya rantse ba zai sake tashinta ba.

Asubar da ta biyo, Ummul ba ta tashi ba. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, haƙora na haɗuwa, numfashi kuwa na fita da gudu, zuciya na bugawa har ana ganin rigarta na motsi. Sai rana ta ɗaga abin yake lafawa. A asibiti aka auna ta da hantsi aka ce ba a ga komai ba. Kullum haka, kullum tana ƙara zubewa. Hammajoda ya san wannan ciwon sarai, ya kwana biyu yana bin sa da sifana, amma a ƙirjin 'yarsa ba shi da abin kwancewa. Sai ya zauna bakin katifa yana murza mata tafin ƙafa yana hawaye.

Dudu ce ta je ta ɗauko Modibbo Bakari, tsohon malamin da ke bayan masallacinsu. Ya zo da magariba, ya sa aka yi turare, ya daɗe yana karatu. Can yarinyar ta buɗe ido, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta.

"Ka tambaye shi me ɗana ya yi masa."

Modibbo ya ce ta yi bayani. Ta ce tun kafin a gina gidan suke gindin mangwaron. Ruwan ya saɓule wa jaririnta fata, yanzu ko iska ta taɓa shi sai karkarwa. Ta kwantar da shi kan injin don ɗumi, in ƙarfe ya huce takan danna totur ya yi zafi da wuri.

"Ya kashe mini wutar. Na nemi wani wuri mai ɗumi a gidan, ban sami kamar ƙirjin nan ba."

Modibbo ya tsawata mata, ya ce yarinya ba ta zubar da ruwa ba, ta ji tsoron Allah. Ya yi mata tayin murhu, ta ce hayaƙi na cin gyambon. Ya yi mata tayin gidan burodi na bakin kasuwa, ta ce akwai masu shi. Ƙarshe aka tsaya a kan motar: a tashe ta kowace asuba da kowace magariba, da hannun wanda ya yi ɓarnar, kada a taɓa silonta, kada a gusar da ita, har yaron ya warke.

Hammajoda ya ce, "Ranki ya daɗe, yaushe zai warke?"

"Shekarunmu ba irin naku ba ne."

Ya ruga ya mayar da batir. Injin na kamawa Ummul ta yi atishawa, ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Yau motar na nan kan duwatsu, tayoyin sun ruɓe. Ummul ta yi aure a Garwa, har da goyo. Hammajoda bai sake kwana a wani gari ba. Ko da mahaifiyarsa ta rasu a Tibati, aike ya yi. Masu wucewa kan tsokane shi, wai babban bakanike ya kasa gyara silo. Kayan injin sun ɓace a kasuwa, sai ƙirƙira yake yi, ga tsufa kuma ya fara kama shi.

Asubar jiya ya murɗa makulli, ta ja da ƙyar ta yi shiru. Ya sake, ta yi shiru. Yana shirin murɗawa na uku wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Bai ciro ta ba, ya san daga Garwa ne, ciwon Ummul ya motsa. Ya kifa goshi a kan sitiyari, ya yi bismilla, ya sake murɗawa.