Taksin Tashar Mirriya

Jirgin Yamai ya sauke mu a Damagaram bayan magariba. Tun safe ƙanwata Rahina ta kira ni, ta ce jikin Inna ya tsananta. Burina in cim ma motar ƙarshe ta Mirriya, in same ta da rai.

Kowa ya samu mai ɗaukarsa, filin jirgi ya watse, sai ni da jakata. Can wata tsohuwar taksi ta tsaya. A baya akwai wata dattijuwa lulluɓe da mayafi, ta juya fuska wajen taga. Na shiga na zauna gefenta, na gaishe ta, ba ta amsa ba. Motar warin mai take, amma daga gefenta ƙanshin sabulu da ganyen magarya ke tashi, kuma kujerar da danshi.

Na ce, "Direba, tashar Mirriya. Don Allah ka taka."

"Malam, hanyar nan ba fitila. A hankali dai."

Sai dattijuwar ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta waiwayo ba.

"Direba, gaya wa wancan ya daina gaggawa. Ka tambaye shi ko ya ci abinci."

Direba ya ci gaba da murɗa rediyonsa.

Na ce, "Ba ka ji Hajiya ba?"

Ya dube ni ta madubi. "Wace Hajiya?"

Ni ɗan fari ne. Mace ɗaya ce a duniya ba ta kama sunana, ba ta duban idona, sai dai ta sa wani ya tambaye ni.

A hankali na ce, "Na ci, Inna."