Tabon Salansa

Auta ta miƙe ƙafa a kan kafet ɗin falon Mama tana ninke wanki, ta manta shaf da abin da ta yini tana ɓoyewa. Siket ɗinta ya ɗan ja sama, sai ga ƙuna a sharaɓarta ta dama, doguwa, ta fara bushewa, a tsakiyarta akwai wani ɗan zagaye baƙi kamar an ɗora maɓallin riga. Yaya, babbar 'yar Mama, tana kwance a doguwar kujera tana latsa waya. Ita dai Allah ya yi mata irin idon nan da ba ya ganin alheri ko an kawo shi a faranti, amma aibi ko a ƙarƙashin gado ya ɓuya sai ta zaƙulo shi. Zumbur ta tashi zaune.

"Ke, mene ne wannan a ƙafarki?"

Auta ta ja siket da sauri ta ce ba komai. Ai kuwa abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Yaya ta ƙwala wa Mama kira daga kicin, ta riƙe ƙafar ƙanwarta gam kamar za ta gudu da ita.

Dama can Yaya ba ta taɓa ƙaunar mijin Auta ba. Malamin lissafi ne a wata makarantar kwana da ke can nesa da gari, kowa Tica yake ce masa, har matarsa. Farkon aurensu a ɗakin malamai yake kwana, sai ƙarshen mako ya dawo, Auta ta yi ta zaman kaɗaici tana hira da bango. Ya gwada zuwa ya dawo a kan ƙaramin babur, amma doguwar hanya ta nuna masa iyakarsa: iskar manyan motoci ta riƙa wasa da shi, inji ya yi zafi a tsakiyar daji, shi kuma ya iso gida bayansa kamar an daka. Mota kuwa ta fi ƙarfin aljihunsa. Shi ne ya daure ya sayi wani babur matsakaici irin na doguwar tafiya, baƙi, mai faɗin kujera, ƙasa-ƙasa, mai doguwar salansa, wato bututun hayaƙi, tana ƙyalli a gefen dama. Idan ya hau kwalta sai ya zauna daram kamar a falo. Daga ranar Tica bai sake kwana a makaranta ba.

Babur ɗin yana da nasa halin, ba a ɓoye ba. Nauyi gare shi kamar saniya, juya shi a lungunsu sai an yi gaba an yi baya, ya fi ƙarami shan mai, ba ya ɗaukar kaya, in an yi ruwa kuma mai shi ne lema. Auta ta san duk wannan, amma ita abu ɗaya take ji: wannan gurnanin mai kauri da ke shigowa lungu da yamma, wanda ke gaya mata mijinta ya dawo. Yaya kuwa cewa take yi wai jakin ƙarfe ne da ya yi ƙiba, namijin da ya san ciwon kansa ba ya ɗaukar matarsa a buɗe kamar buhun gawayi. Nata mijin, Manaja, yana da mota ƙatuwa mai baƙin gilashi. Abin da ba ta faɗa shi ne motar ta fi sanin ko'ina a garin a kan ƙofar gidansa, shi ya sa ita ma kullum tana kwance a kujerar Mama.

Mama ta fito tana goge hannu, ta duba ƙafar, ta tambaya. Auta ta sunkuyar da kai ta ce salansar babur ce, garin sauka ta taɓa ta. Yaya ta yi wata dariya ta raini, ta ce in babur ne me ya sa ake ɓoyewa? Ta karɓi wayar Mama, ta kira Tica, ta buɗe murya kowa na ji. Mama ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta tambaye shi me ya sami ƙafar 'yarta.

"Wallahi Mama, dutsen guga ne," in ji shi cikin ladabi. "Na so in kai ta asibiti ta ce ba sai an je ba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Gaskiyar maganar ita ce, ranar da ya kawo babur ɗin ya zaunar da ita ya ce kullum ta hagu za ta hau ta sauka, don salansa in ta sha tafiya wuta ce. Ya kuma yi rantsuwa cewa duk ranar da babur ɗin ya ji mata ciwo ko ƙwarzane ne, sayar da shi zai yi. To rannan sun dawo daga unguwa tana sauri, ta diro ta dama. Ta cije leɓe, ta shige banɗaki ta yi kukanta a can. Da ya ga ƙafar sai ta ce dutsen guga ne ya zamo daga tebur. Tsoronta kada ya cika alkawari, ta koma hira da bango.

Yaya ta kashe wayar ta tafa hannu. Ta ce magana ta fito, ita ta ce babur, shi ya ce dutsen guga, saura a san wa ya riƙe dutsen. Ta ce dama masu shiru-shirun nan su ne abin tsoro. Auta ta fashe da kuka, ta rantse ta maya, ta faɗi yadda aka yi tun daga farko. Sai dai wanda aka kama da ƙarya ɗaya, gaskiyarsa goma ba ta da kasuwa. Mama ba muguwa ba ce, amma uwa ce, kuma tsoro ya riga ya shige ta. Ta ce Auta ba za ta koma gidan ba sai ta san abin da ake ciki.

Da yamma gurnanin babur ya tsaya a ƙofar gida. Mama ta ƙi fitowa, Yaya ce ta leƙa ta taga ta ce masa ya koma ya ci gaba da guga. A waya Auta ta gaya masa komai tana sheshsheƙa.

"Ashe ni kika ɓoye wa ciwo, Auta? Ni da na sayi babur ɗin saboda ke?" in ji shi.

"Sori, Tica. Tsoron rabuwa da kai ne ya sa."

"To ga shi an raba mu," ya ce a hankali, ba faɗa ba zagi, kuma wannan ya fi mata zafi a kan ƙunar.

Duk da haka bai fasa zuwa ba. Kullum daga makaranta nan yake fara tsayawa, ya kafe babur, ya cire hular kwano, ya yi sallama, ya aika wa Mama gaisuwa ko ba a amsa ba. Wata rana ruwa ya yi masa dukan tsiya a hanya, ya iso jagab, takalmansa na tsiyaya, takardun ɗalibai a cikin leda ya cusa su a riga. Yaya ta ɗauke shi hoto ta taga tana ƙyalƙyala dariya, ta tura wa ƙawayenta, wai ga surukin gidansu an tsamo shi daga kwata. Mama na bayanta tana kallo. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce a shigo da shi ba, amma ta ce a miƙa masa tawul. Auta kuwa ta rame, abinci sai an yi da gaske, da ta ji ƙarar inji a titi sai ta miƙe tsaye.

Da abin ya ishi Mama sai ta ce a zauna a yi ta ta ƙare. Ta sa rana, ta ce Manaja ma ya zo, tunda shi ne babban suruki. Tica ya iso kan lokaci, kai tsaye daga makaranta, babur na huci. Ya kafe shi a bakin get ya shiga, ya zauna a ƙasa. Ya ce bai taɓa ɗaga wa Auta hannu ba, Allah ne shaidarsa, amma ba shi da abin da zai nuna. Ya ce ya riga ya sami mai sayen babur ɗin, zai koma ɗakin malamai, in hakan zai sa hankalin Mama ya kwanta. Auta ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Yaya ta taɓe baki ta ce ko ya sayar da babur, dutsen guga yana nan.

Ana cikin haka sai hon ya cika unguwa. Manaja ne, ya makara kamar kullum. Ya fito daga mota da wando iya gwiwa da farin kambas, wai daga jim yake, wurin motsa jiki, alhali tumbinsa ya riga shi shiga gida ya ƙaryata shi. Ya tsaya yana kaɗa makulli a yatsa, yana tambayar wane mara lissafi ne ya tare masa get. Tica ya miƙe ya ce bari ya matsar. Kowa ya biyo shi waje.

"Bar shi, malam," in ji Manaja, yana kallon Yaya don ta ga bajinta. "Wannan ai kayan wasan yara ne. Ina sakandare na gama da irinsu."

"Manaja, yana da nauyi fa, kuma salansar..."

"Ni za ka koya wa mashin?"

Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye, ya fizgo babur ɗin ya miƙar da shi da ƙarfi kamar yadda ake yi wa ƙarami. Nauyin ya wuce tsakiya ya tafi dama. Manaja ya manna ƙafa ya tokare, sharaɓarsa tsirara ta kwanta a kan salansar da ta sha doguwar hanya. Ihun da ya yi sai da maƙwabta suka leƙo.

"Wayyo Allah, ƙafata! Ku ɗauke shi!"

Tica ne ya yi tsalle ya tallafe babur ɗin, ya janye shi, sannan ya kamo mutumin da bai taɓa amsa masa gaisuwa da kyau ba ya shigar da shi falo. Auta ta kawo ruwan sanyi a bokiti. Babban mutum mai baƙin gilashi ya zauna yana hawaye yana kiran sunan uwarsa, makullin ma ya faɗi a tsakar gida ba wanda ya kula.

Mama ta ɗauko man ƙuna ta durƙusa za ta shafa masa, sai hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon wurin. Ta kira Auta ta ce ta zo ta tsaya nan, ta ɗaga siket. Ƙafa biyu suka jeru a gabanta, duk na dama, ƙuna a wuri ɗaya, tsawo ɗaya, kuma a tsakiyar kowacce ga ɗan zagayen nan. Ta tashi ta fita waje, ta sunkuya gefen babur ɗin. Ga kan noti nan a jikin salansa, zagayayye, daidai inda ƙafar mutum za ta sauka. Ta dawo falo.

Yaya ta buɗe baki, wai ai ita dama cewa ta yi a bincika. Mama ta ɗaga mata hannu.

"Rufe mini baki. Yaron nan kullum yana ƙofata, rana da ruwa, a kan abin da kike kira jaki. Naki mai motar sai na aika sau nawa kafin ya zo? Tashi ki kai mijinki asibiti, in kin san inda ya yar da makulli."

Yaya ta fita tana jan Manaja yana ɗingishi, ba ta ko iya ɗaga ido ba. Hoton da za ta tura wa ƙawaye yau kam babu.

Mama ta juya ga Tica ta ce ya yafe mata, ta zarge shi da abin da bai yi ba. Ya ce ai uwa ba ta laifi, da shi ne ma haka zai yi. Amma ya ce maganar sayarwa tana nan, don ya yi alkawari, kuma babur ɗin ya ƙona matarsa. Auta ta durƙusa a gabansa ta ce ba babur ne ya ƙona ta ba, gaggawarta ce, kuma ba shi ya raba su ba, bakinta ne. Ta ce ta yarda da nauyinsa da ruwan sama da komai, ita dai kada a mayar da ita jiran ƙarshen mako.

"Ka ji," in ji Mama. "Ka kai wa mai walda ya rufe wannan bututun da raga, rantsuwarka kuma ka yi kaffara. Abin da ke dawo da miji gida kullum ba a sayar da shi."

Tica ya yi murmushi, karo na farko tun da aka fara rigimar, ya miƙa wa Auta hular kwanonta da ke ɗaure a bayan babur ɗin tun ranar da aka riƙe ta. Ashe kullum da ita yake zuwa.

Darasin a fili yake. Ramin ƙarya ƙurarre ne ko da so ne ya haƙa shi, kuma ba abin hawa ake dubawa a san miji ba, a duba inda yake nufa da shi idan ya tashi aiki. Tica ya yi haƙuri da zargi da dariya, haƙurin ya mayar masa da matarsa da mutuncinsa a rana ɗaya. Auta ta tattare siket, ta zagaya ta hagu ta hau, Mama na tsaye a bakin get tana kallonsu har suka karya kwana. Tabon bai taɓa gogewa daga ƙafarta ba, ita ma ba ta sake rufe shi ba.