Lomar Kunya a Gidan Amak

"Asibiti? Mijin 'yata ya yi Sallah a gadon asibiti?" Amak Nurbaiti ta buga ludayi a bakin kasko, ta dubi 'yarta Yusnidar. "So kike duk garin Payakumbuh a ce na kasa jinyar surukina? Je ki ɗauko shi!"

Yusnidar ta san ba daidai ba ne. Mijinta Syafrizal a gidan uwarta yake zaune, kamar kowane miji a garin, kuma bai taɓa yi wa Amak musu ba. Likita ta ce fankiriyas ɗinsa ne ya kumbura, 'yar gaɓar nan ta bayan tumbi mai narkar da maiƙo. Ciwon bai yi tsanani ba, amma ta so a riƙe shi ana masa ƙarin ruwa. Yusnidar ce ta yi ta magiya har likitar ta sakko.

"To, ku tafi. Ya sha ruwa sosai, sai kunun shinkafa. Ban da maiƙo, ko ɗigo! In ciwo ya dawo ko ya yi amai, ku kawo shi nan take."

"Na yi alkawari, Dokta."

Ranar Sallah aka baza tabarmi, innoni suka cika falo. Amak da kanta ta ɗebo rendang, naman da ya wuni cikin madarar kwakwa har ya yi baƙi yana nason mai, ta ɗora a kan shinkafar surukinta, wanda take kira Sutan, laƙabin girmamawa.

"Ci, Sutan. Dube ka kamar tsinken tsire! Ko girkina ne ya gundure ka?"

Syafrizal ya ɗago ya kalli matarsa. Kalma ɗaya kawai yake jira. Ita kuwa, ganin idanun innoni, sai ta duƙufa tana juya shayin da ba ta sa wa sukari ba. Bawan Allah ya yi bismilla ya kai loma.

Kafin la'asar yana murƙususu, ciwon ya soke shi har gadon baya, ga amai.

"Iska ce ta shige shi," in ji Amak. "Kawo man zafi da kwabo in kankare masa baya."

"Ba iska ba ce, Amak, naman nan ne!" Yusnidar ta fashe da kuka. "An hana shi, ni aka damƙa wa amanar, na yi shiru! Asibiti za mu!"

Sai da aka sa masa ruwa da allura ya samu kansa. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Uda, maigidana, ka yafe mini. Ka kalle ni, na kau da kai."

"Haba Yus, ke kika sa mini a baki?" Ya yi murmushin wahala. "Kuma wallahi ya yi daɗi."

"Kar ka ba ni dariya, ban cancanta ba!"

Washegari sai ga Amak da kwano a ƙunshe cikin ƙyalle, idanunta sun kumbura. Ta buɗe: kunun shinkafa ne fari sol, babu mai, babu kwakwa, abin da a da za ta ji kunyar miƙa wa baƙo.

"Sutan, zauna nan har likita ta gaji da kai. Masu magana su yi ta yi." Ta juyo ga 'yarta. "Ke kuma, in na sake yin kuskure, ki faɗa mini ko a gaban wa."

Allah ya tashi kafaɗunsa, ya koma gida da ƙafarsa. Yusnidar dai ta koyi darasinta: kunya ado ce, amma wadda za ta sa ka zuba ido masoyinka ya cutu, cin amana ce.