Kawu Nomau da Makiyayin Jiminu

Yaya Barira ta tona garwashin kasko da tsinke, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ita ce babba a jikokin gidanmu.

"Ku rage murya," in ji ta. "Abin da ya sami Kawu Nomau zan faɗa muku. Daga bakinsa na ji."

Muka matso. Ta fara.

Kun san shi yanzu, shiru-shiru. Da ba haka yake ba. Malamin makaranta ne a nan Damagaram, mai son tsuntsaye kamar ransa. Yana da madubin hangen nesa da wani baƙin keke. Da an yi hutu, sai ya ɗaure bargo da buta a bayan keken ya shiga daji. Mutane na yi masa dariya. "Malam, yau kuma kurciyar ina za a je gaidawa?" Shekara ashirin yana shan wannan.

Burinsa ɗaya ne, ya ga jimina a dajinta. Kowa ya ce masa sun ƙare, maharba sun gama da su tun tuni.

A sanyin wata shekara ya shirya tafiya arewa da Tanut, bakin hamada. Akwai wani tafki can da tsuntsayen ƙasashen nesa ke sauka idan sanyi ya koro su. Abokinsa Abarshi, mai gyaran kekuna a bakin kasuwa, ya ce zai raka shi.

Kwana huɗu suna taka keke. Da safe yatsu ba sa riƙe birki don sanyi. Inda rairayi ya yi yawa, su sauka su tura. Sun ga kirinjijiya, sun ga zalɓe, sun ga tuji biyu. Kawu na murna, Abarshi na mita.

Rana ta biyar sarƙar keken Abarshi ta tsinke kusa da wata tsohuwar rijiya.

"Jira ni in gyara," in ji Abarshi.

"Bari in leƙa bayan tudun can in dawo."

"Malam, rana ta take. Ba a yawo a irin wannan lokaci."

Kawu bai ji ba.

A bayan tudun ya ga sawu. Yatsu biyu, babba da ƙarami. Sabo ne, rairayi bai ko rufta cikinsa ba. Ya bi, yana tura keke. Iska ta tsaya. Ko ƙuda babu. Can sai ya lura ya daina jin ƙarar tayoyinsa.

Sawun ya ƙare a gindin wata aduwa. Ba tsuntsu ya tarar ba. Mutum ne zaune, dogo, rawani ya rufe fuskarsa sai idanu. Sandar kiwo na kan gwiwarsa.

Kawu ya yi sallama. Da amsa ta zo, ba daga bakin mutumin ta fito ba. Daga ƙasa ta taso. Kawu ya ji ta a tafin ƙafa kafin ya ji ta a kunne.

"Ka yi nisa, mai dokin ƙarfe."

"Sawu na biyo."

"Na sani. Nawa ne."

Mutumin ya miƙo ƙafa daga ƙarƙashin riga. Yatsu biyu. Fatar duk ɓawo, da farce ɗaya kamar bakin gatari.

Sakina, ƙanwata, ta ƙanƙame hannuna. Yaya Barira ta ci gaba.

Kawu ya fara addu'a a zuci.

"Ina bindigarka?" in ji mutumin.

"Ba ni da ita. Kallo kawai nake yi."

"Na ga alama. Kwana huɗu ina biye da kai. Jiya ka kauce wa wata sheƙa a kan hanya, har ka faɗi. Zo."

Ya kai shi bakin wani kwari. Kawu ya leƙa. Jiminu. Sun fi talatin. Maza baƙaƙe, mata masu ruwan ƙasa, ƙanana na gudu a tsakanin ƙafafunsu. Ya ɗaga madubi, hawaye suka hana shi gani.

"Su ke nan suka rage mini," in ji mutumin. "Kakana dubbai ya yi kiwo. Idonka ya gani. Kada bakinka ya sani."

Ya sunkuya ya tsinci farin gashi guda, ya miƙa masa. "Naka ne, kai kaɗai."

Da Kawu ya koma rijiya, Abarshi ya gama gyara har ya dafa shayi.

"Me ka gano? Wata kurciyar?"

Kawu ya bar gashin ɓoye a ƙirjinsa. Kwana biyu ya daure. A na uku suka tsaya a rumfar wani mai shayi, cike da direbobi. Abarshi ya nuna shi da baki.

"Ku ga wanda ya bar matarsa cikin sanyi, ya fito neman tsuntsun da ya mutu tun kafin a haife shi!"

Aka tuntsire da dariya. Har mai shayin. Da suka fito, Kawu ya zaro gashin daga ƙirjinsa.

"Wannan na kurciya ne?"

Abarshi ya daina dariya. "A ina?"

"Bayan tudun."

Kalma biyu ke nan.

Wata bai cika ba aka ga Abarshi a kan sabon babur. Aka kuma ji wasu baƙin maharba masu manyan motoci sun bi ta arewa, da ɗan jagora daga garinmu.

Kawu bai ce wa kowa komai ba. Ya hau keke shi kaɗai. Tafiyar kwana biyar, a uku ya yi ta. Ya tarar da sawun taya ko'ina a kwarin. Gashi maƙale a jikin ƙaya. Kwanson harsashi. Mutumin yana durƙushe a tsakiya, yana tsintar ɓawon ƙwai yana zubawa a rigarsa.

"Ka yafe mini," in ji Kawu. Ya miƙa masa gashin.

Mutumin bai juyo ba. "Riƙe abinka. Ba na karɓar kyautar da na bayar."

"Ba ni na kawo su ba."

"Maharba ba su ba ni mamaki ba. Kai na nuna wa."

"To, ka yi mini duk abin da ka ga dama."

"Ba zan taɓa ka ba. Na dai faɗa musu. Dukansu."

Kawu bai gane maganar ba sai a hanyar dawowa. Ya biya ta tafkin nan. Tsuntsaye sun rufe ruwa. Yana sauka daga keke, suka tashi gaba ɗaya. Ba wanda ya yi kuka. Suka bar masa ruwa fili.

Tun daga ranar ba tsuntsun da ke bari ya kusance shi. Kajin matarsa suka tsallake katanga, ba su dawo ba. Darbejiyar tsakar gidansa ko ɗan kanari ba ya sauka a kanta. In ya ɗaga madubi, sai sama wayam. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

"Abarshi fa?" na tambaya. "Me aljanin ya yi masa?"

"Ba komai," in ji Yaya Barira. "Ya yi ƙiba. Ya buɗe shago na biyu. Tattabarunsa sun fi ɗari, har a kafaɗarsa suke sauka. Duk Juma'a yana gaida Kawu a ƙofar masallaci, Kawu kuma ya amsa."

Ta rufe garwashin da toka. Ɗakin ya yi duhu.

"In Allah ya kai ɗayanku arewa da Tanut, ya ga sawu mai yatsu biyu a kan rairayi, kada ya kuskura ya bi shi shi kaɗai. In kuwa da aboki zai je, ya fara sanin wane ne."